Yadda Za Ka Fahimci Birahmin a Indiya ta Yau, Ka Kuma Iya Zama da Shi

Duk shekara ɗalibai da 'yan kasuwa da masu jinya daga ƙasashenmu suna sauka a Delhi da Chennai da Bangalore da Hyderabad, kuma da wuya mutum ya yi wata guda a can bai ji an ce wane Birahmin ne ba, ko kuwa ya je neman ɗakin haya a gaya masa cewa masu gidan Birahminawa ne, ba a shiga musu da nama. Wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya yakan zaci Birahmin shi ne dattijon nan mai tukku da farin gyauto, wanda ke zaune a gaban wuta yana zuba man shanu yana ɗaura aure. Dattijon yana nan kuwa, sai dai a yau an fi cin karo da Birahmin a ofishin banki, ko ɗakin tiyata, ko kamfanin kwamfuta, ko kuma riƙe da sitiyarin tasi. Wannan bayani na wanda zai yi hulɗa da su ne, domin ya san abin da sunan ya ƙunsa da kuma wuraren da baƙo ya fi yawan yin tuntuɓe.

Ka fara da raba kalmomi uku masu kama da juna, domin haɗa su yakan jawo dariya ko ɓacin rai. Birahman, a falsafar Hindu, shi ne asalin samuwa wanda ba shi da siffa. Birahma kuwa abin bauta ne da ake zana shi da fuskoki huɗu, ana jingina masa halitta. Birahmin shi ne mutum, ɗan rukunin farko daga cikin rukunai huɗu da ake kira varna. Marubutan Larabawa na da suna kiransu Barahima.

Matsayin na gado ne

Wata waƙa a cikin Rigveda, mafi tsufa a littattafan Veda masu tsarki ga mabiya Hindu, ta ce an yi Birahmin daga bakin wani halitta na farko, Kshatriya mayaƙi daga hannuwansa, Vaishya mai noma da fatauci daga cinyoyinsa, Shudra mai hidima daga ƙafafunsa. Daga baya littafin dokoki na Manu ya jera wa Birahmin ayyuka shida: ya yi karatu, ya karantar, ya yi hadaya don kansa, ya yi don wasu, ya bayar da kyauta, ya kuma karɓa. Akwai wasu miliyoyin mutane da aka bari a wajen rukunan huɗu gaba ɗaya, waɗanda aka riƙa ƙyamar taɓa su, su ne ake kira Dalit a yau.

A nan ne Bahaushe ya kamata ya yi hattara da kwatance. Da ya ji karatu da karantarwa sai ya ce ai malamai ne, amma malami a wurinmu karatu ne ke mayar da shi malami, ɗan maƙeri ko ɗan mahauci yana iya zama babban shehi a yi ta sunkuya masa. Birahmin haifarsa ake yi. Yana iya zama bai san ko harafi ɗaya na harshen Sansikirit, tsohon harshen littattafansu na addini, ba, yana iya cewa shi bai yarda da addini ba sam, amma a idon jama'a da wajen neman aure sunan yana nan tare da shi. E. M. S. Namboodiripad, wanda ya jagoranci gwamnatin 'yan gurguzu a jihar Kerala a 1957, daga babban gidan Birahminawa ya fito. Su kansu mabiya Hindu sun daɗe suna jayayya a kan wannan, domin a cikin nassoshinsu akwai labarin wani yaro, Satyakama, wanda ya je neman karatu aka tambaye shi asalinsa, ya ce mahaifiyarsa ta gaya masa ba ta san ko wane ne ubansa ba, sai malamin ya karɓe shi yana cewa Birahmin ne kawai zai iya faɗin irin wannan gaskiya. Za ka ji masu ilimi suna kafa hujja da wannan labari cewa hali ne ma'auni. Ka saurare su da girmamawa, amma ka lura cewa idan aka zo ɗaurin aure, haihuwa ake dubawa.

Yawansu kaɗan ne. Ƙidayar ƙarshe da ta fitar da adadin kowane rukuni a duk faɗin ƙasar ita ce ta 1931, a zamanin Turawan Ingila, kuma ta sa su a wajen kashi 4 cikin 100. Binciken da cibiyar Pew ta Amurka ta wallafa a 2021, bayan ta tattauna da mutane kusan 30,000, shi ma kashi 4 ya samu. Ƙidayar jihar Bihar ta 2023 ta sa su ƙasa da haka kaɗan.

Kuma su ɗin ba al'umma ɗaya ba ne. Abin da ke tafiyar da rayuwar yau da kullum shi ne jati, wato ƙaramin rukunin da mutum yake aure a cikinsa, kuma Birahminawa sun kasu ɗaruruwa. Tsohon rabo ya raba su gida biyu, biyar a arewa da duwatsun Vindhya, biyar a kudu. Akwai Panditawan Kashmir, da Maithil na Bihar, da Chitpavan na Maharashtra waɗanda suka riƙe sarautar Peshwa, wato wazircin daular Maratha, a Pune a ƙarni na 18, da Namboodiri na Kerala, da Iyer da Iyengar na ƙasar Tamil. Harshensu daban, abincinsu daban, aƙidarsu ma daban: Iyer suna bin koyarwar Shankara, Iyengar suna bin Ramanuja, wasu kuma a Karnataka suna bin Madhva na Udupi. Saboda haka abin da ka koya a gidan Birahmin na Chennai kada ka ɗauka zai yi maka aiki a Kalkata.

Ka karanta suna, amma kada ka yi tambaya

Indiyawa ba safai suke tambayar juna rukuni kai tsaye ba, sunan gida suke tambaya su gane sauran. Mishra, Pandey, Shukla, Tiwari da Joshi a arewa, Chatterjee, Banerjee, Mukherjee da Bhattacharya a Bengal, Deshpande da Kulkarni a Maharashtra, Kaul a Kashmir, duk galibi sunayen Birahminawa ne. Wasu sunayen suna ɗauke da tarihin karatun kakanni: Dwivedi na nufin wanda ya san Veda biyu, Trivedi uku, Chaturvedi huɗu. Amma suna yana yaudara. Sharma da Rao sunaye ne da wasu rukunai ma suke amfani da su, mutane da yawa sun ajiye sunan gida sun ɗauki Kumar don kada a gane su, a ƙasar Tamil kuwa yawancin jama'a harafin farko na sunan uba kawai suke sa wa a gaban nasu. Haka alamar goshi: layi uku na toka a kwance ko farin zane a tsaye mai jan layi a tsakiya suna nuna wane abin bauta mutum yake bi, Shiva ko Vishnu, ba lallai su nuna rukuninsa ba.

Shawarata ita ce, abin da ka gane ka bar shi a cikinka. Kada ka tambayi abokin karatu ko likita ko direba wane rukuni yake, domin idan Birahmin ne tambayar za ta iya sa shi jin kamar ana tuhumarsa, idan kuma Dalit ne ka taɓa masa gyambo. Wanda yake son ka sani zai gaya maka da bakinsa, kuma sau da yawa ba ya daɗewa.

Zaren da ke ƙarƙashin riga

Idan akwai abu ɗaya da yake bayyana matsayin a jiki, to shi ne farin zaren auduga mai sili uku da ake ratayawa daga kafaɗar hagu ya sauko ta ƙarƙashin hannun dama. A Hindi ana ce masa janeu, a Tamil punal. Ana sa wa yaro shi a wani biki da ake kira upanayana, wanda littattafai suka ce a yi wa ɗan Birahmin yana shekara takwas, ɗan Kshatriya sha ɗaya, ɗan Vaishya sha biyu. Daga ranar ana kiransa wanda aka haifa sau biyu. Idan abokinka ya gayyace ka bikin ɗansa ko ƙanensa, ka je, domin a nan za ka ga abin da bayani ba zai iya nuna maka ba.

Da sassafe ake farawa. Yaron yakan ci abinci tare da mahaifiyarsa a faranti ɗaya, alamar cewa ƙuruciya ta ƙare. Sai a yi masa aski, a wasu gidaje a bar ɗan tukku a ƙeya, ya yi wanka, a ɗaura masa gyauto, a ba shi sanda. Ana zaunar da shi kusa da wutar da aka hura a tsakiyar ɗaki, jagoran bauta yana karatu yana zuba man shanu da cokalin katako, hayaƙi yana cika wurin. Bayan an rataya masa zaren, sai a lulluɓe shi da mahaifinsa da mayafi guda, uban ya raɗa masa addu'ar Gayatri a kunne, gaɓa ashirin da huɗu da aka ciro daga Rigveda. Daga nan yaron ya miƙe da ƙoƙo a hannu ya yi bara, ya fara da mahaifiyarsa, sannan innoni da goggonni, kowace ta zuba masa shinkafa. Asalin wannan shi ne a zamanin da yaron yakan bar gida ya tare a gidan malaminsa shekaru, yana bara yana karatu, abin da ba zai zama baƙo ga wanda ya san tsangaya ba. A wasu yankuna yaron yakan saɓa sandarsa ya yi kamar zai tafi Kashi, wato Banaras, neman ilimi, sai kawunsa ya bi shi ya lallashe shi ya dawo, mata suna dariya. Washegari kuma ya sa kayan makaranta ya koma ajinsa.

Zaren yana da dokoki. Mai shi ya kamata ya yi ibadar sandhya sau uku a yini, da hudowar rana da tsakar rana da faɗuwarta. Idan zai shiga bayan gida yakan naɗe zaren a kunne, idan zai yi wa kakanninsa da suka mutu hidima yakan juya shi zuwa kafaɗar dama, kuma sau ɗaya a shekara, a wajen watan Agusta, maza sukan taru a bakin kogi ko ɗakin bauta su sauya tsoho da sabo. A gidaje da yawa ana ninka silin zuwa shida bayan aure. Wannan shi ne abin da aka rubuta. Abin da ake yi kuwa ya danganta da mutum: akwai injiniyan da ba ya fita aiki sai ya zauna ya yi ibadarsa ta safe, akwai wanda zarensa yana cikin akwati sai ranar biki, akwai kuma wanda sai ana gobe ɗaurin aurensa ake gaggauta sa masa. Bisa al'ada 'yan mata ba a sa musu, ko da yake ƙungiyar Arya Samaj, wadda Dayananda Saraswati ya kafa a 1875, tana sa wa mata da kuma 'yan kowane rukuni. Kai dai idan ka ga zaren ya leƙo ta wuyan rigar wani, kada ka taɓa shi, kada kuma ka mayar da shi abin wasa.

Ba kowane Birahmin ne mai jagorantar bauta ba

Waɗanda suka riƙe aikin bauta a matsayin sana'a 'yan tsiraru ne, kuma su ma hawa-hawa ne. Purohit shi ne na iyali, mai ɗaurin aure da raɗin suna da buɗe sabon gida. Pujari shi ne mai kula da ɗakin bauta. Panda su ne na wuraren ziyara irin su Haridwar da Gaya da Banaras, waɗanda wasunsu ke riƙe da tsofaffin kundaye na asalin iyalai, maziyarci ya zo a buɗe masa shafin da kakan kakansa ya sa hannu. Akwai kuma masu karɓar kyautar mamaci, waɗanda duk da ana kiransu Mahabirahmin, wato babban Birahmin, sauran Birahminawa suna ganinsu a ƙasa. Abin da ake ba jagoran bauta sunansa dakshina, kuma a ƙananan ɗakunan bauta na ƙauye bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa iyaye da yawa suka fi son ɗansu ya zama injiniya, har ma samari masu wannan sana'a sukan koka da wahalar samun mata.

Aikin ma ya fara fita daga hannunsu su kaɗai. A 2002 Kotun Ƙolin Indiya ta yanke cewa wanda ya samu horo yana iya jagorantar bauta ko da ba Birahmin ba ne. A 2017 hukumar da ke kula da ɗakunan bauta na Travancore a Kerala ta naɗa mutum 36 waɗanda ba Birahminawa ba, shida daga cikinsu Dalit, jihar Tamil Nadu ma ta yi irin wannan naɗi a 2021. A birnin Pune kuma an daɗe da sanin mata masu jagorantar bukukuwa.

Inda gadon ya fi yin tasiri shi ne boko. Mutanen da suka shafe ƙarnoni suna hadda da rubutu su ne suka fara cika makarantun Turawa, suka zama akawuna da lauyoyi da alƙalai. Rabindranath Tagore da ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1913, da C. V. Raman da ya ci ta kimiyya a 1930, da masanin lissafi Ramanujan, duk daga gidajen Birahminawa suka fito. Haka firaministoci Nehru da Morarji Desai da Narasimha Rao da Vajpayee. Mahaifiyar Kamala Harris, tsohuwar mataimakiyar shugaban Amurka, ma 'yar Birahminawan Tamil ce.

Idan hira ta juya siyasa

Ko ba daɗe ko ba jima za ka zauna a inda ake gardamar keɓe gurabe, kuma ya kamata ka san tushenta kafin ka sa baki. A lardin Madras na zamanin Turawa, Birahminawa wajen kashi 3 ne na jama'a amma su suka riƙe mafi yawan manyan muƙaman da ake ba 'yan ƙasa. Wannan ya haifar da jam'iyyar Justice a 1916, da gwagwarmayar Periyar, jagoran masu adawa da fifikon Birahminawa, daga 1925. Kafin su, Jyotirao Phule ya kafa ƙungiyarsa ta yaƙi da wariyar rukuni a Pune a 1873, sannan a ranar 25 ga Disamba 1927 B. R. Ambedkar, wanda shi kansa Dalit ne, ya jagoranci ƙona littafin Manu a bainar jama'a a Mahad. Shi ne daga baya ya shugabanci kwamitin rubuta kundin tsarin mulki na 1950, wanda sashe na 17 a cikinsa ya haramta ƙyamar taɓa mutum. A yau gwamnatin tarayya tana keɓe kashi 15 na guraben aiki da karatu ga Dalit, kashi 7.5 ga ƙabilun da aka jera, kashi 27 ga sauran rukunan da aka bari a baya, wanda gwamnatin V. P. Singh ta zartar a 1990 bisa rahoton kwamitin Mandal, ɗalibai suka yi ta zanga-zanga. A Tamil Nadu jimillar ta kai kashi 69. A 2019 aka ƙara kashi 10 ga matalautan rukunan da ba su cikin wancan rabo, Kotun Ƙoli ta amince a 2022.

Birahmin zai gaya maka cewa ɗansa ya ci maki mai yawa aka hana shi gurbi, cewa yana biyan bashin laifin da bai aikata ba, cewa akwai Birahminawa masu dafa abinci a gidajen mutane da masu gadi. Zai iya ambatar hare-haren da aka kai wa danginsa a Maharashtra a 1948 bayan Nathuram Godse, wanda Birahmin ne, ya kashe Gandhi, ko yadda Panditawan Kashmir suka bar gidajensu a 1990. Duk wannan gaskiya ne. Abokinsa Dalit kuma zai gaya maka cewa kakarsa ba ta taɓa ɗiban ruwa a rijiyar gari ba, cewa har yau akwai gidajen da ake ware masa kofi. Wannan ma gaskiya ne: a wani babban binciken gidaje na 2011 zuwa 2012, kashi 27 na gidajen da aka tambaya sun amsa da bakinsu cewa suna yin wani nau'i na ƙyamar taɓawa, a tsakanin Birahminawa kuma adadin ya haura rabi. A nawa ganin, wanda ya ce rukuni ya mutu a Indiya galibi shi ne wanda rukunin bai taɓa rufe masa ƙofa ba. Amma ba daidai ba ne ka ɗora wa saurayin da ke gabanka nauyin ƙarnoni, balle kuma daga cikin Birahminawan ne aka samu Ram Mohan Roy, wanda ya yi yaƙi har aka haramta ƙona matar mamaci a 1829, da Vidyasagar, wanda ya tsaya aka halatta wa matar mamaci sake aure a 1856. Baƙo ya fi kyau ya yi tambaya ya saurara. Gardamar ma ta bi su ƙetare, domin a 2023 birnin Seattle na Amurka ya haramta wariyar rukuni, gwamnan Kalifoniya kuma ya ƙi sa hannu a kan irin wannan doka.

A wajen aure ne katangar ta fi tsayi. Wancan binciken na gidaje ya gano cewa wajen kashi 5 ne kawai na aure ke tsallake rukuni, duk da cewa doka ta halatta. Sannan kowane Birahmin yana da gotra, wato zuriyar da ake jingina ta ga wani tsohon malami irin su Bharadvaja ko Kashyapa ko Vasishtha, kuma 'yan gotra ɗaya ana ɗaukarsu wa da ƙanwa. Don haka idan ka ba Birahmin na arewa labarin auren zumunci tsakanin 'ya'yan wa da ƙane, za ka ga ya zaro ido. Na kudu bai cika mamaki ba, domin su suna aurar 'yar kawu ko 'yar goggo.

Ranar da aka gayyace ka gida

Tun wajen shekara ta 1030 Albiruni, wanda ya koyi Sansikirit ya rubuta littafi a kan Indiya, ya ambaci cewa mabiya Hindu ba sa zama su ci ko su sha tare da baƙo. Abubuwa sun sauya ƙwarai, a birane za a zaunar da kai a teburi ɗaya a yi ta tura maka abinci har ka gaji, amma ɗakin girki har yanzu wuri ne mai alfarma, kuma yawan kuskuren baƙi a nan yake faruwa.

Ka fara da tsarabar da za ka kai. Kilishi da dambun nama, waɗanda su ne alfaharin matafiyinmu, ka bar su a masauki, musamman idan na saniya ne. Ka kai dabino ko 'ya'yan itace ko alawar madara. Idan kayan kanti ne ka duba jikin fakitin: koren ɗigo a cikin murabba'i yana nuna babu nama ko ƙwai a ciki, alama mai ruwan ƙasa tana nuna akwai. Ka sani cewa kek mai ƙwai ma bai shiga gidaje da yawa ba, masu tsanani kuma ba sa cin albasa da tafarnuwa, kuma ranar sha ɗaya ga kowane rabin wata tsofaffi sukan yi azumin hatsi. Amma kada ka yi mamaki idan Birahmin na Bengal ya kawo maka kifi da shinkafa, ko Panditin Kashmir ya kawo naman rago, ko Saraswat na gabar Konkan ya ɗauki kifi abincin yau da kullum. Tambaya ɗaya kafin ka je ta wadatar: me ake ci a gidanku, me ba a ci?

Takalmi a ƙofa ake barinsa. Ka gaida dattijon gida da namaste ko namaskaram, ka ƙara ji a ƙarshen sunansa, a arewa kuma Panditji kiran girmamawa ne. A gidan Tamil za ka ji ana ce wa maigida mama, uwargida mami, kada ka rikice, mama a can kawu ne. 'Ya'yan gidan za su sunkuya su taɓa ƙafar manya, kai ba a jiran haka daga gare ka, ɗora hannu a ƙirji da ɗan rusunawa ya isa. Kada ka shiga ɗakin girki ko ɗan lungun da aka jera gumaka sai an ce ka shigo. A gidajen kudu masu riƙo da al'ada, tsohuwar da ta yi wanka ta ɗaura zanen da aka wanke aka shanya daban ba ta yarda kowa ya taɓa ta har ta gama girki da ibada, ko da jikanta ne. Idan ta ja da baya da ka matso, ba kai kaɗai take yi wa ba.

Babbar ƙa'idar cin abinci ita ce yawu. Duk abin da baki ya taɓa, ko hannun da ya je baki, ya zama jutha, a Tamil echil, ba ya komawa tukunya kuma ba a miƙa wa wani. Mu da muka saba haɗa hannu a akushi ɗaya sai mun kula sosai. Ka ci da dama, kada ka ɗebi ƙari da hannun da kake ci, ka jira a zuba maka. Kada ka ɗauki wani abu daga farantinka ka sa wa na kusa da kai. Idan an kawo butar ruwa ta kowa, ka ɗaga ta sama ka tsiyaya a baki ba tare da leɓe ya taɓa ba, kuma gara ka gwada wannan a masauki tukuna, domin karon farko riga ce ke shan rabi. Idan a ganyen ayaba aka zuba, za ka ga maigida ya ɗiga ruwa kewaye da ganyen yana motsa baki kafin ya kai loma, ka ɗan dakata har ya fara. A kudu shinkafa da kindirmo ce ke rufe cin abinci, idan ta zo ka san an kai ƙarshe.

Musulmi ko Kirista yakan shiga tsaka mai wuya idan aka miƙo masa prasad, wato abincin da aka fara gabatar wa abin bauta, ko aka nufo goshinsa da jan gari. Mafita ita ce ka gaya wa wanda ya gayyace ka tun kafin ranar, shi zai sanar da iyayensa. Mutanen da rayuwarsu cike take da dokokin ci da sha sun fi kowa gane mai cewa addinina bai ba ni dama ba, kuma Musulmi sun kai kashi 14 na ƙasar a ƙidayar 2011, don haka ba a kanka aka fara ba. Abin da ke ɓata rai shi ne yatsina fuska, ko karɓa a jefar a gaban mai bayarwa. Haka kuma wasu manyan ɗakunan bauta, kamar na Jagannath a Puri da na Guruvayur a Kerala, ba sa barin wanda ba Hindu ba ya shiga, ka karanta allon ƙofa kafin ka cire takalmi.

Idan ka tashi tafiya, a gidajen kudu uwargida takan miƙo maka ganyen betel, wanda suke taunawa, da ayaba biyu ko kwakwa a faranti, ka karɓa da hannun dama ko da hannu biyu. Kada ka ce na tafi kawai, domin ana jin kalmar kamar ta wanda ba zai dawo ba. Batamile cewa yake poyittu varen, wato zan je in dawo, mutumin Bengal ya ce ashi, mutumin Maharashtra ya ce yeto, dukansu ma'anarsu ina zuwa. Masu gida za su rako ka har bakin ƙofa su tsaya, ka sa takalminka, ka juyo ka faɗa musu haka.